Ruwan Da Na Hana Iliya

Agege, Legas
Ranar Alhamis, bayan na tashi daga rumfa

'Yata Rifkatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu a garin nan tun kina goye. Ya tsare motar da za ki shiga gobe a Iddo, ya tsare direban daga barci da gaggawa, ya sauke ki a Yola lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a wajen bautar ƙasa. Amin.

Na san za ki ce ɗaki ɗaya muke kwana, me ya kai Mama ga rubuta wasiƙa? Bakina ne ya ƙi. Sau uku a makon nan na kira sunanki, kika amsa, na ce miƙo mini ludayi. Shi ya sa na zauna da biro da wannan rubutun nawa na ajin manya, wanda kike cewa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Zan cusa ta cikin jakarki tsakanin yaji da dambun nama, domin na san cikinki, ba za ki wuce Ibadan ba ki kai hannu wajen ba.

Ranar Talata ina shara, tsintsiya ta jawo mini baƙar leda daga bayan kabad. Ƙwayoyinki ne na sikila, na wata guda cur, ko ɗaya ba ki ɓalle ba, ga katinki na asibiti a naɗe tare da su. Ranar Lahadi kuwa ina zaune a benci na uku kika miƙe a coci kika ba da shaida cewa kin warke, jama'a suka yi ta tafi, ni ma na tafa don kada a kalle ni. Jiya kuma na ji kina gaya wa ƙawarki a waya cewa da zarar kin isa sansani za ki yi busasshen azumi na kwana uku, ba ci ba sha, don ki hatimce warkarwar. Tsoro nake ji, Rifkatu, tsoron kada a kawo mini ke a cikin akwati. Don haka zan gaya miki yadda yayanki Iliya ya mutu. Abin da kika sani tun kina shekara biyar, cewa zazzaɓi ne, ƙarya ce, kuma ni na yi ta.

Ni da babanki mun yi aure a ƙauyenmu ba tare da gwajin jini ba. A lokacin an duba asalinsa, an duba ko yana shan burkutu, an duba ko yana zuwa sujada, shi ke nan. Wannan ban ɗora wa kaina laifinsa ba, ba mu sani ba ne. Ke kuwa kin sani, don haka duk saurayin da ya fara yi miki murmushi, ki kai shi asibiti tun kafin murmushin ya shiga ranki.

Muka zo Legas, babanki yana sa wa fata gishiri a kwata, ni ina tuƙa tuwo ina sayar wa mahauta. Nan aka haifi Iliya. Tun yana rarrafe yatsunsa suke kumbura, idanunsa su yi ɗorawa. Da ya yi wayo sai ya zama ɗan rumfa, yana zaune gefena yana zana shanu da gawayi a jikin kwali. Malam Audu mahauci, wanda har yau yake aiko miki da hanta ranar Juma'a, da Iliya ya fara wannan alherin. Yakan ce, "Maman Iliya, a gasa masa sama-sama, kada a ƙona, jini yake ƙarawa."

Kuskurena ya fara ne daga kunya. In ciwon ya tashi, Iliya yakan yi ihu har maƙwabta su leƙo, kuma kin san gidan haya, ɗaki goma sha biyu, kowa kunnensa a bango. Ni kuma ina jagorantar waƙa a zumuntar mata, ina son a ce gidan Hannatu gidan nasara ne. Sai in dafa bakinsa in ce, "Yi shiru, Shaiɗan yana jin daɗi in ɗan Allah yana kuka." Yaron ya koyi cije leɓe. Ke ma na koya miki, kin ma fi shi iyawa. Nakan ga kina wanke-wanke gumi yana zuba a goshinki, ƙafarki tana rawa, in tambaye ki ki ce ba komai, ni kuma in yaba miki a gaban baƙi in ce Rifkatu jaruma ce. Ba jarumta na koya miki ba, ɓoyo na koya miki. Inda za ki babu wanda ya san fuskarki balle ya karanta ta. In ƙashinki ya fara sara, buɗe baki ki ce ciwo nake ji, ki faɗa wa na kusa da ke, ki faɗa wa ogan sansanin, ki faɗa wa Allah. Babu ɗayansu da zai rage miki daraja.

Shekarar da Iliya ya cika goma sha biyu ciwon ya matsa masa. Wata biyu ba ya rufawa sai mun kwana asibiti. Na gaji, gaskiya na gaji. Wasu mata a coci suka fara yi mini irin jajen nan mai ƙaya. Wata ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar'uwa, ki bincika kanki, wani lokaci akwai zunubin da ba a furta ba." Da na san abin da na sani yau da na fizge hannuna. A lokacin kuwa na koma gida na yi ta tonon rayuwata, har kazar maƙwabciya da na taɓa jifa tun ina budurwa sai da na tuba a kanta. Ciwon bai ragu ba.

Sai aka ba ni labarin wani gidan addu'a can bayan gari, kan hanyar Abeokuta, inda wani da ake kira annabi yake warkar da ciwon da ya gagari likita. Sharaɗinsa ɗaya ne: mai ciwo da wanda ya kawo shi su yi kwana uku ba ci ba sha, a bar magani a gida, domin wai wanda ya riƙe ƙwaya a aljihu bai saki jiki da Allah ba. Babanki ya tafi Kano da lodin fata. Ban jira shi ba, don na san zai hana. Na bar ki wajen matar mai gidanmu.

Ana gobe za mu tafi na gaya wa Malam Audu cewa rumfa za ta yi kwana uku a rufe. Ya tambayi dalili, na gaya masa da alfahari. Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ce, "Maman Iliya, ni ba malamin addininku ba ne. Amma mu ko a watan azumi marar lafiya ba ya ɗauka, mai lafiyar ma rana na faɗuwa yake shan ruwa. Yaron nan likita ya ce kada ya rabu da ruwa. Ki sake tunani."

Na ce, "Malam, namu imanin daban ne."

Ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Ya wanke hannu ya tafi, bai gama tuwon ba.

Kin ga girman kai? Allah ya aiko mini da gargaɗi ta bakin mutum mai jini a riga, na raina shi don ba daga bagade ya fito ba. Ki kiyaye wannan. In wani ya gaya miki gaskiya game da jikinki, kada ki tsaya tambayar inda yake sujada.

Wurin wata babbar rumfar kwano ce, ƙasa siminti, mutane kwance a kan tabarmi, masu shanyewar jiki, masu tari, mata masu neman haihuwa. Annabin yana fitowa da farin takalmi ya yi ta tsawa a lasifika, sannan ya koma ɗakinsa. Ban taɓa ganin ya sha ruwa ba, ba zan yi masa ƙarya ba, amma leɓensa bai bushe ba kamar namu. Duk da haka ba shi nake tuhuma ba. Bai zo Agege ya ɗauki ɗana ba, ni na kai shi da ƙafata.

Ranar farko Iliya ya daure, har yana taya ni waƙa. Rana ta biyu da azahar kwanon ya ɗauki zafi kamar murfin tukunya. Ciwon ya tashi a gwiwoyinsa, ya hau baya. Yana kwance ya dunƙule, yana cije leɓe yadda na koya masa. A bakin shinge masu tallan ruwan leda, fiya wata, suna ta kira. A cikin jakata akwai leda ɗaya da na saya a tasha, na ajiye don buɗa baki ranar ƙarshe, kuma ya san tana ciki.

Ya ce, "Mama, ƙishi."

Na ce, "Saura kwana ɗaya, Iliya. Ka yi haƙuri."

Can ya ce, "Ko jiƙa mini leɓe kawai."

Na ce, "In ka sha, duk wahalar jiya ta tashi a banza. Yesu yana nan, yana kallonka."

Ya juyo ya dube ni da idanun nan nasa ya ce, "Mama, in yana nan, ki tambaye shi ko zai bari in sha kaɗan."

Ban tambaya ba, Rifkatu. Na jawo jakar na zauna a kanta, na ɗaga murya na ci gaba da waƙa don kada in ji shi. Hannun nan da nake rubuta miki da shi, shi ya ja zif ɗin jakar ya rufe.

Washegari da safe ya daina roƙo. Na ɗauka nasara ce ta fara zuwa, har na ɗaga hannu na yi godiya. Wata tsohuwa Bayarabiya mai sharar wurin ce ta tsaya a kanmu, ta dubi yadda ƙirjinsa yake ɗagawa da sauri, ta ce mini da 'yar Hausarta, "Iya, ɗauka yaro, tafi asibiti, yanzu yanzu." Sai a lokacin idona ya buɗe na ga ɗana. Leɓensa ya tsage, harshensa ya yi fari, ba ya gane ni sosai.

Na goya shi, yaro ɗan shekara goma sha biyu, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Muka samu danfo, muka faɗa cunkoso. A cikin motar na yage ledar nan da haƙori na kai bakinsa. Ruwan ya bi gefen bakinsa ya gangara wuya ya jiƙa rigarsa. Ya kasa haɗiya. Ina cewa sha, Iliya, sha, na yarda, sha, fasinjoji suna kallona.

A asibiti nas ta yi ta neman jijiyar da za ta sa masa ƙarin ruwa, hannu, ƙafa, ta rasa. Ta ɗago ta tambaye ni yaushe rabonsa da shan ruwa. Na ce da safe. Ta dube ni, ta koma neman jijiyar. Kafin la'asar ya cika.

Babanki ya dawo bayan kwana biyu. A bakin ƙofa, bai ko ajiye jaka ba, ya ce, "Hannatu, kina ba shi ruwa yadda aka ce?" Na ce ina ba shi, zazzaɓi ne ya zo da ƙarfi. Ya rungume ni yana ba ni haƙuri, yana cewa na yi iyakar ƙoƙarina. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya yana faɗin haka ga duk wanda ya tambaya, har ya koma ga Ubangiji bai san wadda yake yaba wa ba. Kullum nakan ce gobe zan gaya masa. Wannan ƙaryar ta fi ciwon gwiwar da nake fama da shi yanzu cin jiki. Malam Audu kuwa ya zo gaisuwa ya zauna a waje tare da maza, bai taɓa tayar da maganar ba har yau. Juma'ar da ta biyo baya ya aiko da hanta, ya ce a gasa wa ƙaramar.

Shekara biyu ban yi addu'a ba. Ina zuwa coci, ina motsa baki, ina ɗaura ɗankwalin zumunta, amma cikina wayam. Ina fushi da Allah don bai warkar da shi ba, ina kuma jin kunyar ɗaga ido gare shi. Sai ciwonki ya yi babban tashinsa na farko kina shekara bakwai. Muna kwance a asibiti, kina ta juyi kina cije leɓe, sai ga Baba Fasto Dauda ya shigo da sandarsa. Ba lallai ki tuna shi sosai ba. Tsoho ne mai gyambo a ƙafa, wanda ya yi shekaru yana wa'azi da shi a ɗaure, bai warke ba har ya mutu. Na zaci zai yi tsawa ya kori aljanu. Ya jawo kujera ya zauna da ƙyar, ya dafa kanki ya ce, "Yesu, ga Rifkatu, ciwo take ji. Ga uwarta, ta gaji. Ka zauna tare da su." Addu'ar ke nan gaba ɗaya. Sannan ya ce miki, "Yi kukanki, 'yata, ni ma ina yi in ana wanke mini ƙafa." Kika fashe da kuka, ni ma na fashe.

Na bi shi baranda na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji. Bai ce ba laifina ba ne. Ya ce, "Laifi kam kin yi, Hannatu, babba kuwa. Amma bai fi ƙarfin jinin Yesu ba." Ya tuna mini cewa Ubangijinmu da kansa, yana rataye a kan gicciye, ya ji ƙishi, ya kuma faɗa a gaban jama'a bai ji kunya ba. Ya ce wanda ya san wannan ƙishin a maƙogwaronsa ba zai nemi a hana yaro marar lafiya ruwa don a burge shi ba. Sannan ya nuna ƙofar ɗakin da sandarsa ya ce, "Koma ki ba wadda ta rage ruwa."

Na koma na ɗauki kofi. Duk kurɓar da kika yi sai in ce a raina, Yesu, ga mu. A nan na sake koyon addu'a, kuma har yau ban iya wadda ta fi ta ba. In gwiwata ta hana ni tashi daga bakin murhu, ita nake yi. Ciwon ba ya tafiya don na yi ta, amma ba na zama ni kaɗai a cikinsa, kuma wannan ya ishe ni in kai yamma.

Yanzu kin san dalilin da ya sa nake bin ki da kofi tun kina firamare, har matar mai gida ta laƙaba mini Iya Olomi, mai tallan ruwa, ke ma kika karɓa kina tsokanata da shi a gaban ƙawayenki. Ina dariya tare da ku. Kowane kofi da na miƙa miki, na Iliya ne nake miƙawa a makare.

Ba zan yaudare ki ba. Allah yana da ikon warkar da ke, na gaskata da wannan. Mai yiwuwa kuma ya bar ki da ciwon nan har tsufa, kamar yadda ya bar Baba Fasto da ƙafarsa, kuma ban san dalili ba, na daina ƙoƙarin sani. Na fahimci gajiyarki. Shekara ashirin da biyu kina haɗiyar ƙwaya, kina kallon sa'o'inki suna tsalle ke kina lissafin sanyi da zafi, dole ki so a ce an gama. Ni ma abin da na so ke nan a rumfar kwanon nan. Amma addu'a ba kokawa ba ce da za ki murɗe wa Allah hannu da wahalar da kanki. In ya warkar da ke, gwajin asibiti zai nuna, warkarwarsa ba ta tsoron allurar likita. Kafin nan ki haɗiyi ƙwayarki da sunan Yesu. Duk wanda ya ce zai ɗora miki hannu, ki sunkuyar da kai ki ce amin. Duk wanda ya ce ki zubar da magani ko ki bar ruwa, ki ɗauki takalminki ki fita, ko da rabin wa'azi ne, ko da kowa yana kallonki. In azumi kike so, ki yi azumin wayar nan taki kwana uku, wannan ma sama za ta yi murna.

Ranar da kika isa ki nuna wa likitan sansanin katinki tun kafin a ba ki kaki. Kada ki tsaya fareti cikin ranar Yola don kunyar a ce ke raguwa ce. Shaidar da kika bayar ranar Lahadi kuwa, kada ta ɗaure ki. Ni zan miƙe a benci na uku in gaya wa jama'a cewa 'yata tana shan maganinta, in kuma gaya musu labarin nan da bakina. Labarin ya daɗe yana jirana.

Na san mai yiwuwa bayan kin karanta wannan ki kasa kallon fuskata. Kina da gaskiya in kin yi fushi, yayanki ne, kuma na bar ki kina sa wa hotonsa fure kina zagin sauro. Na auna abin sosai kafin in ɗauki biro. Gara ki ƙi ni kina raye.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare ƙashinki daga sara, ƙirjinki daga toshewa, ya sa in ciwon ya zo ya same ki kusa da masu tausayi. Ya zauna a bakin gadonki a ranar da ba na nan. Ya ba ki zuciyar yafe mini in lokacin ya yi.

Na mayar da ƙwayoyinki da katin cikin aljihun jakar na gefe. Kusa da su akwai shuɗiyar gora, na wanke ta na cika. Tambayar da Iliya ya ce in yi, na yi ta daga baya, shekara goma sha biyar ina yin ta a kan gwiwoyina, amsar kuma ba ta taɓa canzawa ba. Kafin ki ninke takardar nan, buɗe gorar ki sha. Sannan ki kira ni. Ko ba za ki yi mini magana ba, ki kara wayar a wuyanki in ji kina haɗiya.

Mahaifiyarki,
Hannatu